'Yan Boran Wimbledon: Rayuwa a Gasar Bibbiyu ta Maza

Ranar Asabar, 13 ga Yulin 2024, bayan Barbora Krejcikova ta doke Jasmine Paolini ta karɓi farantin zakarar mata, sai maza huɗu suka shigo babban filin Wimbledon, a kudu maso yammacin Landan, kowa da jakarsa a kafaɗa. Biyu daga cikinsu 'yan Ostireliya ne, Max Purcell da Jordan Thompson. Sauran biyun kuwa haɗin gambiza ne: Henry Patten ɗan Ingila, dogo, bahago, da Harri Heliovaara ɗan ƙasar Finland mai shekara 35. Wata uku ke nan da suka fara wasa tare, kuma ba sa cikin tawagogi 16 da masu gasar suka ware a matsayin gwanaye.

A wasan tanis, wanda ya riga cin gem shida da ratar biyu shi ke ɗaukar turmi. Idan aka yi kunnen doki 6-6, sai a shiga raba-gardama. A ranar turmi uku aka yi, kuma babu wanda bai kai ga raba-gardama ba. 'Yan Ostireliya suka ɗauki na farko da 9-7. A na biyu, har sau uku suna neman maki ɗaya tak su ɗaga kofi, sau ukun kuma abin yana kuɓuce musu, suka rasa turmin da 10-8. Na uku ya tsaya a 11-9. Heliovaara ya zube a kan ciyawa yana kuka, ya zama ɗan Finland na farko da ya ci wannan kofi.

Kukan yana da dalili. A 2013 mutumin nan ya ajiye raket gaba ɗaya saboda wata cuta da ke sa garkuwar jiki ta far wa gaɓoɓin baya. Ya koma karatu, ya yi aiki a filin jirgin saman Helsinki, sai a 2017 ya dawo, daga baya ya koma neman abinci a wasan bibbiyu. Shi kuwa Patten ya san Wimbledon tun da daɗewa, amma daga gefen fili. Lokacin yana ɗalibi a wata jami'a a Amurka, yakan zo aikin hutu, ya zauna a ƙananan filayen gasar yana tattara wa kamfanin IBM alƙaluman wasan wasu. Mai lissafa bugun mutane jiya, yau ana lissafa nasa.

An ba su fam 650,000 su raba, wato kowa fam 325,000. Washegari Carlos Alcaraz ya doke Novak Djokovic ya tafi da fam miliyan 2.7 shi kaɗai. Wanda ya kai kwata-fainal a wasan ɗaiɗai aka kore shi ya samu fam 375,000, ya fi kowane ɗaya daga cikin zakarun bibbiyu. A can ƙasa ma ratar ta fi muni. Wanda aka fitar a zagayen farko na ɗaiɗai yana tafiya da fam 60,000, su kuwa 'yan bibbiyu da suka faɗi a zagayen farko fam 15,750 ne, a raba biyu, a cire kuɗin jirgi da masauki da na koci da haraji. A gidan tanis, ɗaiɗai ɗan mowa ne, bibbiyu ɗan bora, kuma an daɗe da daina ɓoye hakan.

Abin da mutum huɗu ke yi a fili ɗaya

Wanda bai saba kallo ba yakan ɗauka wasan bibbiyu tanis ne da aka raba wahalarsa biyu. Tsawon filin dai ɗaya ne, mita 23.77. Faɗin ne ke ƙaruwa daga mita 8.23 zuwa 10.97, domin ana buɗe siraran lungunan nan biyu na gefe, kowanne mita 1.37. Mutum biyu ke tsare faɗin da bai kai ninki ɗaya da rabi na filin mutum ɗaya ba, saboda haka gurbin da za a zura ƙwallo ƙanƙane ne ƙwarai. A ɗaiɗai ana iya tsayawa a layin baya a yi ta musayar bugu ashirin, talatin, har wani ya gaji. A bibbiyu akwai mutum tsaye a bakin raga yana jiran duk ƙwallon da ta ɗan yi sama ko ta yi sanyi. Mafi yawan maki a bugu uku ko huɗu suke ƙarewa, musamman a kan ciyawa, inda ƙwallo ke sulɓewa ba ta tashi sosai.

Sabis yana zagayawa tsakanin su huɗun, kowa gem ɗaya cikin huɗu. Wajen karɓa kuwa, kowace tawaga tana tsayar da wanda zai tsare dama da wanda zai tsare hagu, kuma ba a sauyawa sai turmi ya ƙare. Wannan zaɓi kaɗai yakan ci wa abokan wasa dogon tunani, don yawancin makin da ke yanke gem a ɓangaren hagu ake buga su. Wanda aka ba wannan gefen dole ya zama mai sanyin zuciya.

Daɗin kallon yana wurin na bakin raga. Kafin a yi sabis za ka ga ya kai hannu bayansa, inda abokan karawa ba sa gani. Da yatsa zai nuna wa abokinsa inda zai aika ƙwallo: tsakiya, ko gefe, ko jikin mai karɓa. Daga nan in ya dunƙule hannu, yana nufin zai tsaya a inda yake. In ya buɗe tafi, zai tsallaka ɗaya gefen ya tare ƙwallon da za a maido, mai sabis kuma ya ruga ya rufe gurbin da aka bari. Mai sabis zai amsa da e ko a'a da ƙarfi, ba tare da kowa ya san me ya amince da shi ba. Wasu ba sa yarda da alamar hannu, sai su haɗa kai bayan kowane maki, su kare baki da ƙwallaye kada a karanta leɓɓansu. Akwai kuma tsayuwar da ta zama ruwan dare a yanzu, inda na gaba ke tsugunawa daidai kan layin tsakiya, ƙasa da tsayin raga, wanda a nan bai wuce santimita 91 da ɗoriya ba. Sabis ya wuce ta kansa, sai ya zabura dama ko hagu. Mai karɓa yana da ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya yanke shawarar inda zai buga, alhali bai san ta ina mutumin zai ɓullo ba.

Saboda haka wasan na karanta zuciyar mutum ne. In na tsallaka sau biyu a jere, a na uku mai karɓa zai zaci zan sake, sai ya harba ta lungun da na bari. Ni kuma na san ya zaci hakan, sai in yi kamar zan tafi in tsaya. Gwanayen bibbiyu sukan yarda a ci su ta lungu sau ɗaya ko biyu tun farkon wasa, domin bugun lungu yana da wuya, raga ta fi tsayi a gefe, kuma wanda ya kwaɗaitu da shi zai zubar da maki daga baya. Ta tsakiya ake cin yawancin wasa, a ɗan gurbin da ke tsakanin abokai biyu, inda kowa kan zaci ɗan'uwansa zai ɗauka.

Akwai wani abu da ke maimaita kansa a tarihin manyan tawagogi, wato bahago da badame. John Newcombe da Tony Roche na Ostireliya, da suka ci Wimbledon sau biyar tsakanin 1965 da 1974, haka suke. John McEnroe bahago ne, Peter Fleming badame. Mark Woodforde bahago, Todd Woodbridge badame. Tagwayen Bryan ma, Bob da hagu yake bugu, Mike da dama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: sabis ɗin bahago yana lanƙwasa ta wata fuska dabam, don haka mai karɓa ba ya samun sabo, gem ɗaya ƙwallo ta kauce masa ta nan, gem na gaba ta can. Sannan kowannensu na iya zaɓar gefen filin da rana ba za ta shiga idonsa ba in ya jefa ƙwallo sama.

Lokacin da manya ke shiga

An fara gasar Wimbledon a 1877 da wasan ɗaiɗai na maza kawai. Bibbiyu ya shigo a 1884, kuma tagwaye ne suka fara cin kofin, William da Ernest Renshaw, waɗanda su ne kuma gwanayen ɗaiɗai na zamaninsu. Bayansu wasu 'yan'uwan suka karɓa, Reggie da Laurie Doherty, suka ci sau takwas tsakanin 1897 da 1905. Kusan shekara ɗari haka abin ya tafi: wanda ya fi kowa a ɗaiɗai yakan ɗauki aboki ya shiga bibbiyu, ba wanda ke ganin hakan a matsayin ƙasƙanci.

McEnroe ne na ƙarshe a wannan sahu. Shi da Fleming sun ci a 1979, 1981, 1983 da 1984, kuma a uku daga cikin shekarun nan ya haɗa da kofin ɗaiɗai. An sha ruwaito Fleming yana cewa tawagar da ta fi kowace a duniya ita ce McEnroe da duk wanda aka haɗa shi da shi. Tun 1984 ba a sake samun namijin da ya ɗauki kofunan biyu a Wimbledon a shekara ɗaya ba. A dukan manyan gasa huɗu na duniya ma, rabon da a ga haka tun Yevgeny Kafelnikov na Rasha a Faris, 1996.

Abin da ya kori manyan ba wuyar ganewa. Kuɗin ɗaiɗai ya yi tashin gwauron zabi, wasan kuma ya koma na ƙarfi da juriya, inda mutum kan yi awa huɗu yana gudu a layin baya. Wanda ke neman miliyoyi ba zai kashe ƙafafunsa ranar hutunsa saboda kuɗin da bai kai rubu'in wancan ba. Da suka janye sai gurbin ya zama sana'ar wasu mutane na daban, waɗanda bibbiyu ne kaɗai abincinsu. Woodbridge da Woodforde sun ci Wimbledon sau biyar a jere daga 1993 zuwa 1997, suka ƙara a 2000. Woodbridge ya sake cin uku tare da Jonas Bjorkman na Siwidin, ya tara tara, abin da babu wanda ya kamo har yau.

Sai tagwayen Bryan na jihar Kalifoniya. Tun suna yara iyayensu suka hana su karawa da juna a gasa; in jadawali ya haɗa su, yau wannan ya janye, gobe wancan. Sun ci kofuna 119 tare, 16 daga ciki a manyan gasa huɗu, da zinaren Olamfik na 2012 wanda aka buga a nan filin Wimbledon ɗin. Suna cin wasa sai su yi tsalle su haɗa ƙirji. Su ne kusan kaɗai 'yan bibbiyu da aka riƙa sayen tikiti musamman don a gan su. Amma ciyawar Landan ba ta ba su yadda suke so ba: sau uku suka ci, 2006, 2011 da 2013, sau huɗu kuma aka doke su a wasan ƙarshe.

A zamaninsu ne aka yi yunƙurin da ya kusa kashe sana'ar. A 2005 hukumar ATP, mai kula da gasannin maza na ƙwararru, ta fito da tsarin da zai gajarta wasan bibbiyu, ya kuma mayar da yawancin gurabe hannun 'yan ɗaiɗai. Masu shirya gasa suna ƙorafin cewa suna biyan masauki da lada ga mutanen da ba sa kawo 'yan kallo. Gungun 'yan wasa, da Bryan a cikinsu, suka kai ƙara kotu a Amurka. An sasanta daga baya, sana'ar ta tsira, amma da tsada. Daga 2006, a gasannin ATP, in gem ya kai 40-40 maki ɗaya ke raba shi, turmi na uku kuma aka soke shi, aka maye gurbinsa da raba-gardama na maki 10. Wasan da kan ci awa biyu ya dawo awa ɗaya da 'yan mintuna.

Turmi biyar, da ranar da aka yanke su

Wimbledon ce ta daɗe tana turjiya. Har zuwa 2022 ita kaɗai ce a manyan gasa huɗu ake buga bibbiyun maza turmi biyar, sai wanda ya ci uku. A nan ne aka yi wasannin da har yau ake ba da labarinsu. A 1992 McEnroe, yana da shekara 33, ya haɗu da Michael Stich na Jamus, suka kai wasan ƙarshe da Jim Grabb da Richey Reneberg. Duhu ya raba su ranar Lahadi ana 13-13 a turmi na biyar, aka dawo Litinin, McEnroe da Stich suka ƙarasa da 19-17 bayan awa biyar da minti ɗaya. A 2006 Mark Knowles da Daniel Nestor sun yi awa shida da minti tara kafin su kayar da Simon Aspelin da Todd Perry, turmin ƙarshe 23-21. Shekara ɗaya bayan haka 'yan Brazil, Marcelo Melo da Andre Sa, suka kai nasu 28-26.

Gasar 2022, ta ƙarshe a wannan tsari, kamar an shirya ta ne don a nuna abin da za a rasa. Matthew Ebden da Max Purcell, wannan Purcell ɗin da aka ƙwace wa kofi a 2024, sun yi wasa shida, biyar daga ciki sai da aka kai turmi na biyar. A wasan kusa da na ƙarshe Rajeev Ram da Joe Salisbury sun ci turmi biyu na farko, a na uku kuma sau biyar suna neman maki ɗaya su gama. Ebden da Purcell suka tsallake duka, suka juya wasan. A wasan ƙarshe suka tarar da Nikola Mektic da Mate Pavic na Kuroshiya. Pavic ya samu karaya a wuyan hannunsa na dama a wasan da ya gabata, amma da yake bahago ne sai ya ɗaure hannun ya shigo, yana buga bayan raket da hannu ɗaya. Da haka ya kai su turmi biyar kafin ya sallama. A dokar yau, Ebden da Purcell da sun tattara kayansu tun bayan turmi na biyu na wasan Ram da Salisbury.

A watan Janairun 2023 masu Wimbledon suka sanar cewa an koma turmi uku. Dalilan da suka bayar: a daidaita da sauran manyan gasa, a samu sauƙin tsara jadawali, kuma wataƙila hakan ya jawo ƙarin 'yan wasa su shiga. Dalilin jadawali gaskiya ne, duk wanda ya san ruwan saman Landan ba zai musa ba. Wasan bibbiyu ɗaya kan riƙe fili rabin yini alhali ana da bashin wasanni. Nick Kyrgios, wanda ya ci bibbiyun Ostireliya a 2022 tare da Thanasi Kokkinakis, ya fito fili ya ce turmi biyar a bibbiyu wauta ce, kuma akwai 'yan wasa da yawa da ke bayansa.

Dalili na ukun ne ban gamsu da shi ba. Alcaraz ya ci ɗaiɗai a 2023 da 2024, Jannik Sinner ya ci a 2025, kuma babu ɗayansu, ko Djokovic, da ya sa sunansa a bibbiyu a waɗannan shekaru. Wanda ke shirin turmi biyar gobe ba ya son turmi uku yau, ko da an rage masa zuwa biyu. Ranar da aka ga babban filin ya cika maƙil saboda wasan bibbiyu na zagayen farko ita ce 4 ga Yulin 2024, da Andy Murray ya fito tare da yayansa Jamie. Jama'a sun zo sallama da Andy ne, wanda ke wasansa na ƙarshe a Wimbledon. Rinky Hijikata da John Peers suka kore su a turmi biyu, aka yi jawabai aka share hawaye, gasar ta ci gaba a ƙananan filaye. An yanke abin da ya bambanta bibbiyun Wimbledon da na ko'ina saboda baƙin da ba su amsa gayyata ba. Abin da ya rage dai shi ne har yanzu a nan ana buga cikakken turmi na uku, kuma gem ba ya ƙarewa sai da ratar maki biyu.

Neman aboki

Tawagogi 64 ke shiga gasar, kuma ana ba da gurbi ne ta hanyar haɗa matsayin mutum biyun a jerin gwanayen duniya. Wannan ƙa'ida ita ke juya rayuwar ɗan bibbiyu. In abokinka ya ji rauni ko makinsa ya zube, kai ma ƙofar manyan gasa ta rufe maka. Don haka ƙarshen kowace shekara waya ba ta hutawa: wannan ya rabu da wancan, wancan yana zawarcin abokin wani. Mutum yakan ci abinci da abokinsa yau, alhali ya riga ya yi alkawari da wani na Janairu. Sai dai duk wannan lissafi, tarihin Wimbledon cike yake da tawagogin da aka haɗa da gaggawa suka ba manya kunya.

A 2005 Stephen Huss na Ostireliya da Wesley Moodie na Afirka ta Kudu sun faro daga wasannin share fage, suka ƙare da doke tagwayen Bryan a wasan ƙarshe. Ba a taɓa yin haka ba kafin su. A 2014 Vasek Pospisil da Jack Sock, a gasarsu ta farko tare, su ma Bryan suka kayar suka ɗauki kofi. A 2012 Jonathan Marray na Ingila da Frederik Nielsen na Denmark, da matsayinsu bai isa ba sai gurbin alfarma aka ba su, sun ci gasar a turmi biyar a kan Robert Lindstedt da Horia Tecau, waɗanda wannan ne karo na uku a jere da suke faɗuwa a wasan ƙarshe. Ana cikin wannan wasa Marray ya taɓa raga da raket, alƙali bai gani ba, shi da kansa ya faɗa ya ba da makin. Nielsen kuma, jikan Kurt Nielsen da ya kai wasan ƙarshe na ɗaiɗai a 1953 da 1955, ya ƙi ya koma cikakken ɗan bibbiyu bayan wannan nasara, ya ci gaba da fafutukarsa a ƙananan gasannin ɗaiɗai, don a nan zuciyarsa take.

Wani lokaci zaɓin aboki yakan wuce batun wasa. A Wimbledon ta 2002 Aisam-ul-Haq Qureshi, Musulmi ɗan Pakistan, ya haɗu da Amir Hadad ɗan Isra'ila, suka kai zagaye na uku. An yi ca a kan Qureshi a gida, har da barazanar dakatarwa, bai janye ba. Daga baya ya yi shekaru yana wasa da Rohan Bopanna na Indiya, suka kai wasan ƙarshe na gasar Amurka a 2010. Shi Bopanna ɗin sai da ya kai shekara 43 ya ci babban kofinsa na farko a bibbiyun maza, a Ostireliya a Janairun 2024 tare da Ebden, ya kuma hau matsayi na ɗaya a duniya. A ɗaiɗai mai wannan shekaru ya daɗe da komawa sharhi a talabijin.

Birtaniya ce ta fi kowa gane cewa akwai kofuna a wannan lungu da manya suka raina. Tun 2007 hukumar tanis ta ƙasar ta ɗauko Louis Cayer, koci ɗan Kanada, wanda aikinsa shi ne koya wa 'yan bibbiyu inda za su tsaya da lokacin da za su motsa, taku bayan taku, da bidiyo da alƙaluma. Jamie Murray ya zama na ɗaya a duniya a 2016, Salisbury da Neal Skupski suka biyo baya a 2022. Skupski ya ci Wimbledon a 2023 tare da Wesley Koolhof na Holan, Patten ya ci a 2024. A 2025 kuwa Julian Cash da Lloyd Glasspool suka zama tawagar farko ta 'yan Birtaniya zalla da ta ci kofin tun Pat Hughes da Raymond Tuckey a 1936. Abin dariyar shi ne, Cash tsohon abokin Patten ne, tare suka ci ƙananan gasannin Challenger goma a 2022, Glasspool kuma tsohon abokin Heliovaara. Su huɗun sun haɗu a kwata-fainal, sababbin abokai suka kori masu riƙe da kofi. A wasan ƙarshe suka doke Hijikata da David Pel na Holan da 6-2, 7-6, mutum biyun da ba su taɓa wasa tare ba kafin gasar, kuma sai da wasu suka janye suka samu shiga.

A 2025 ɗin masu gasar sun mayar da wasan ƙarshe na bibbiyun maza ƙarfe ɗaya na rana, kafin na mata da ake farawa ƙarfe huɗu. Wannan gyara ne mai ma'ana, domin 'yan wasa sun san lokacinsu, 'yan kallo kuma suna shigowa ne maimakon fita. Ladan ya ɗan ƙaru zuwa fam 680,000, na ɗaiɗai kuma ya kai miliyan 3.

Wata guda bayan haka, a New York, aka gwada hanyar jawo manyan 'yan wasa har ƙarshenta. Masu gasar Amurka suka ɗauke wasan bibbiyu na mace da namiji suka kai shi makon da ke gaban gasar, suka rage shi zuwa tawagogi 16 da kwana biyu, turmi kuma gem huɗu maimakon shida sai a wasan ƙarshe. Lada ya tashi daga dala 200,000 zuwa miliyan ɗaya. Rabin gurabe aka ba da su bisa matsayin ɗaiɗai, sauran kuma alfarma. Wannan karon manyan sun zo, Alcaraz da Djokovic duk sun buga, fili ya cika. 'Yan bibbiyu na ainihi kuwa kusan duka an bar su a waje. Sara Errani da Andrea Vavassori na Italiya, masu riƙe da kofin, da gurbin alfarma suka shiga, suka bi taurarin ɗaya bayan ɗaya, suka doke Iga Swiatek da Casper Ruud a wasan ƙarshe. Wasa huɗu suka yi suka karɓi dala miliyan ɗaya, daidai da abin da Marcel Granollers da Horacio Zeballos suka samu bayan wasa shida a bibbiyun maza na wannan gasa.